Ƙarar birkin baya a Sienna 2002: an canza lainin amma ba ta daina ba

Mai Sienna daga Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masana nake nema. Motata Sienna ce ƙirar 2002, mai durom a baya, wato ƙarfen birki mai kama da kwano da ke juyawa tare da taya. Tun da damina ta faɗi ƙafar baya take ƙara idan na taka birki, musamman ta dama. Na kai gareji aka canza lainin da ke kama durom ta ciki, ta ɗan yi shiru, ba a jima ba ta dawo har ta fi da. Wanda ya yi aikin cewa ya yi haka tsohuwar Sienna take, in saba da ita kawai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa Kano da iyali.

Direban Tasha: Wa alaikumus salam. Ƙura ce Alhaji. A cire durom a hura iska, a wanke da fetur, shi ke nan. Mu kullum haka muke yi.

Tsohon Bakanike: Malam mai mota, kafin kowa ya ɗora sifana a kan motar nan, ka amsa min. Wace irin ƙara ce, siririya mai shiga kunne, ko gurnani, ko karcen ƙarfe da ƙarfe? Sai ka taka take yi, ko kana tafiya ma kana jin ta? Da safe kawai, ko har bayan mota ta ɗau zafi? Sannan ka nemi fili babu mutane ka gwada min abu uku. Kana tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa, ka danna birkin ajiya kaɗan-kaɗan. Na Sienna ɗinka da ƙafar hagu ake taka shi, kuma ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, saboda haka duk ƙarar da ta fito a lokacin ka san daga baya take, gaba ba ruwansa. Bayan haka ka hau titi mai kyau ka ɗan karkata mota dama da hagu ba tare da taka birki ba, ka saurara. Na ƙarshe, idan ka dawo gida ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim na baya. Kusa na ce, kada ka taɓa.

Mai Sienna daga Zariya: Na gode Baba, na gwada da yamman nan. Ƙarar iri biyu ce. Akwai wani ƙiii mai tsawo daidai lokacin da mota za ta tsaya cak, sai kuma wani ƙwas guda ɗaya idan na ɗaga ƙafa. Idan ban taka ba shiru ne, ko na karkata. Da birkin ajiya ma ta yi, kuma sai da na danna shi ya kusa kai ƙasa kafin ya kama. Rim na dama ya fi na hagu zafi nesa ba kusa ba, na hagu kamar ba a yi tafiya da shi ba.

Ɗan Koyo: Oga ba boris ba ne kuwa? Wata da aka kawo wa maigidana haka take, da muka canza hob, cibiyar da ake ɗaure taya a kai, ta daina.

Tsohon Bakanike: A'a ɗana. Boris ba ya jiran a taka birki. Ƙuginsa yana ƙaruwa da gudu, kuma idan ka karkata mota nauyi ya koma kansa sai sautin ya canza. Malam ya ce idan bai taka ba shiru. Idan an ɗaga motar a juya tayar a girgiza ta don a tabbatar, ba laifi, amma ba can matsalar take ba.

Direban Tasha: To ko silin gindi ne ya fashe, man giya ya zubo kan lainin. A Hiace ɗina ya taɓa yi, ƙara kamar me.

Injiniya: Yallabai, a Hiace hakan na faruwa saboda da baya take ja, akwai mai a cikin aksil ɗin. Sienna daga 1998 zuwa 2003 dukkansu da gaba suke ja, sai a ƙirar 2004 aka fara fitar da mai jan ƙafa huɗu. Ƙafar bayan tasa hob ne rufaffe da aka ɗaure da kusoshi huɗu, babu man giya a wurin ko ɗigo. Idan aka buɗe aka ga laima, to man birki ne daga fot, wato 'yar silindar da ke tura lainin.

Tsohon Bakanike: Injiniya ya faɗi daidai. Yanzu bari in gaya maka abin da nake zargi, Malam, ka je ka gani da idonka ko na yi kuskure.

Lainin ba a iska yake rataye ba. Gefensa yana kwance ne a kan farantin baya, wato ƙarfen da ba ya juyawa da ke bayan durom, a kan wasu 'yan tudu, uku ga kowane lainin, shida ke nan a ƙafa ɗaya. Duk takawar da ka yi, lainin yana zamewa a kansu ya fita ya kama durom, ka saki sifirin ya jawo shi ya dawo. Motar da ta haura shekara ashirin, ka ƙiyasta sau nawa ƙarfe ya goga ƙarfe a wurin nan. Idan maiƙon wurin ya bushe, gefen lainin sai ya haƙa rami a kan tudun. Daga nan lainin ya daina zamewa, sai dai ya maƙale a bakin ramin, ya yi ta rawa yana ƙiii, idan ka saki ya faɗa ciki da ƙwas. Wani lokaci ma ba ya komawa gaba ɗaya, yana ta gogar durom kana tafiya, zafin da ka ji a dama ke nan. Mafi yawan masu canza lainin ba sa ko kallon farantin nan. A zare tsoho a cusa sabo a mayar da taya, mai mota ya biya ya tafi. Sabon lainin zai yi shiru kafin fentin gefensa ya goge, sai ƙara ta dawo, kamar yadda taka ta yi.

Sanyin ƙafar hagu kuma ya fi damuna a kan ƙarar. Alama ce ba ta aiki, ko tana yi kaɗan. Ina kyautata zaton ajostan hagu, wato ƙarfe mai zare da ke saita tazarar lainin da durom, ya cije da tsatsa, lainin ya yi nesa da durom, shi ya sa birkin ajiya yake nutsewa. Ta dama ce take ɗaukar aikin biyu.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku yi haƙuri in sa baki, ba fannina ba ne amma maganar hura iska ta tsaya min. Don Allah kada a hura ƙurar birki. Akwai lainin da har yau ake haɗawa da asbestos, kuma ba a gane shi da ido. Zarensa idan ya shiga huhu ba ya fita, cutar kuma sai bayan shekaru ashirin ko fiye take bayyana. Yaran gareji ne suke sunkuyawa a kan ƙafar, su suke shaƙa.

Direban Tasha: Hajiya, shekara nawa ana hurawa a tasha, ban ga wanda ƙurar birki ta kwantar ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ba za ka gani a tasha ba Malam, don lokacin da tarin zai fara mutum ya daɗe da barin aikin, kuma ba wanda zai tuna da birki. Sai a ce tarin tsufa ne.

Injiniya: Hajiya tana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kowane nau'in asbestos cikin abubuwan da ke jawo kansa. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005, Amurka ta fitar da dokar hana nau'in da ya rage mata a 2024. Kayan da ke shigo mana kuwa daga ko'ina suke, wasu ko sunan kamfani babu a kwalinsu. Hanyar mai sauƙi ce: a ajiye roba a ƙarƙashin ƙafar, a fesa ruwan sabulu a hankali ƙurar ta jiƙe ta gangara, ko a sayi gwangwanin feshin wanke birki. Fetur kuma a nisanta shi da wurin, yana kumbura robobin fot.

Mai Kayan Gyara: Ni tambayata, wane lainin aka sa masa? Don mu da muke shago mun san kala-kala ne. Akwai mai tauri da ke ƙyalli da ya ji zafi, ya zama kamar gilashi, wannan ko farantin sabo ne sai ya yi kuka. Mutane suna zuwa su ce a ba su mafi araha, gobe su dawo suna faɗa.

Mai Sienna daga Zariya: Gaskiya ban ga kwali ba. Kuɗi na bayar aka sayo.

Direban Tasha: Mu dai liƙi muke kaiwa, a kankare tsohon naman lainin, wato ɓangaren da ke gogar durom, a manna sabo a kan ƙarfen. Rabin kuɗi, kuma yana kai mu.

Hajiya Mai Makaranta: Malam direba, ni liƙin nan na daina yarda da shi. Motar ɗaukar ɗalibanmu aka yi wa. Wata safiya direba ya fito daga layi, naman lainin ya ɓalle daga ƙarfensa ya cushe tsakanin durom da ɗaya lainin, tayar ta ƙulle tana jan ƙasa. Allah ya sa a cikin unguwa ne, yara ba su fi biyar a ciki ba. Da aka buɗe na ga abin da idona, gam ɗin ya bushe ya zama gari, da farce ana kankare shi.

Tsohon Bakanike: Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Liƙi sana'a ce, a manyan motoci da ƙusa ake dasa nama kuma yana riƙewa. Na kamfani da gam na musamman ake manna shi a gasa a matse. Wanda ake shafawa a bakin titi a ɗaure da roba a bar wa rana, shi ne ba na sa wa motar mutane.

Mai Sienna daga Zariya: Baba, yau na koma, amma wani garejin daban, na tsaya a kansu aka buɗe duka biyun. Durom na dama ya ƙi fita sai da aka ɗaura kusoshi biyu a 'yan ramukan fuskarsa aka turo shi. A bakinsa ta ciki akwai wani tudu zagaye da farce yake maƙalewa. Farantin kuwa yadda ka faɗa, tudun sama biyu sun yi rami, suna ƙyalli, ko alamar giris babu. Sabon lainin tsakiyarsa kawai ya ci, kai da gindi ko taɓa durom ba su yi ba. Sifirin na sama ya buɗe, ana hango haske tsakanin zagayensa. A hagu ajosta ya cije, sai da filaya aka juya shi. Kuma da yaron ya ɗaga robar fot na hagu da sukundireba, mai ya gangaro, ƙasan lainin ya yi baƙi ya jiƙe. Yanzu sun ce a kai durom a fere a inji, a wanke lainin hagu a mayar tunda sabo ne. Me kuka gani?

Direban Tasha: A zuba masa fetur a kunna wuta, man zai ƙone. Fot ɗin kuma in babu kuɗi yanzu a toshe bututun ƙafar da ƙusa, ai gaba ne ke tsayar da mota.

Direban Jos: Haba ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Mutum ya ce yara yake ɗauka kana ce masa ya toshe birki? Ni hanyar Jos zuwa Akwanga nake bi, Hawan Kibo nake sauka da fasinja. Gaskiya ne gaba ya fi aiki, amma kason da baya yake ɗauka idan ka cire shi kan gaba yake komawa. A gangara mai tsawo fad, wato lainin birkin gaba, zai yi zafi, man ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Kuma ƙafa ɗaya a toshe, ranar da ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi motar juyawa za ta yi. Duk wanda ya san wurin nan ya san abin da tsinkewar birki ta yi wa mutane a can. Wannan shawarar kada a sake kawo ta zauren nan.

Direban Tasha: Na ji Oga. Don a lallaɓa a kai gida nake nufi, ba a zauna a haka ba.

Direban Jos: Motarsa tana gareji a buɗe, ba a daji ta tsaya ba.

Shugaban Zaure: A ci gaba da bayani cikin mutunci don Allah. Baba, muna saurare.

Tsohon Bakanike: Lainin da ya sha man birki ya tashi aiki. Naman yana tsotse mai har ciki, ka wanke sama, da ya yi zafi na ciki ya sake fitowa, sai ya riƙa fizga yana gurnani. Wuta kuma gam ɗin da ke riƙe da naman take kashewa, mu koma labarin Hajiya Mai Makaranta. A sayi sabon saiti na ƙafa biyu, kai da kanka ka je ka ga kwali. Fot na hagu a canza shi ɗungurungum. Da motata ce da na dama zan haɗa, shekarunsu ɗaya.

Batun fere durom, kada a kai inji sai an auna. A jikin kowane durom an rubuta iyakar faɗin da cikinsa zai kai, ka goge tsatsar za ka ga lambar da milimita. Cin tsakiya da lainin ya yi yana nuna durom ya riga ya buɗe, bakansa ya fi na lainin faɗi, sai kai da gindi suka zauna a sake suna kaɗawa. Idan ka ƙara fere shi ka ƙara buɗa shi.

Mai Kayan Gyara: Baba a nan ina da ja. Sabon durom mai arha da ke kasuwa yanzu wani tun a kwali a karkace yake. Tsohon na asali da aka fere kaɗan ya fi shi sau goma.

Injiniya: Ku duka kuna da hujja, awo ne zai raba. A irin waɗannan durom na Toyota tazarar da ke tsakanin sabo da iyaka milimita 2 ce kacal, wato milimita 1 a kowane gefe. Idan bayan fira zai tsaya ƙasa da lambar, a fere, na asalin ya fi. Idan ya kai ko ya wuce, ƙarfen ya yi siriri, ba ya ɗaukar zafi, yana buɗewa idan lainin ya tura shi, kuma fistin fot yana fitowa fiye da ƙima. A auna a wurare daban-daban, don durom yana iya zama ƙwai. Idan za a saya, na hannu ko sabo, a tafi da abin awo shagon. Kuma duk abin da aka yi wa dama a yi wa hagu.

Tsohon Bakanike: Na yarda da wannan. Saura farantin. Idan ramin bai yi zurfi ba a goge shi da fayil ya koma sumul. Idan ya yi zurfi, mai walda ya cike a goge ya daidaita da sauran, ko a nemo wani farantin. Sai a shafa giris na birki mai jure zafi a tudu shidan, ɗan kaɗan, kamar yadda ake shafa kwalli. Giris na gama-gari narkewa yake ya gangaro kan lainin. Sifirin duka a canza, har da ƙananan da ke danne lainin a jikin faranti, ba su da tsada kuma su ne ke hana rawa. Ajosta a warware shi a wanke zaren a shafa mai. A kula, na dama da na hagu ba a musanya su, zarensu ba hanya ɗaya yake juyawa ba, idan aka sauya maimakon ya matse sai ya riƙa sakewa. Shi ya sa nake cewa yara su gama ƙafa ɗaya kafin su kwance ɗayar, ko su ɗauki hoto da waya.

Ɗan Koyo: Baba, to saitin fa? Maigidana yana matsewa har sai taya ta ƙi juyawa sannan ya ɗan saki.

Tsohon Bakanike: Hakan ma hanya ce idan ya saki isasshe. Abin da ake so durom ya juya da hannu kana jin ɗan shafa kaɗan. A littafin Toyota tazarar wajen milimita 0.6 ce. Ka taka birki sau da yawa lainin ya zauna tsakiya, ka sake dubawa. Kuma kada a ja wayar birkin ajiya don a rage nutsewarsa sai an gama saitin ƙafa.

Direban Jos: Ni an koya min cewa idan kana baya da mota kana taka birki, da kansa yake saita kansa.

Injiniya: A motocin Amurka da yawa haka ne. A yawancin Toyota na wancan zamani kuwa birkin ajiya ne ke juya ajostan. Masu mota mai giyar otomatik sai su sa ta a P su fita, shekara ba su taɓa shi ba, ajosta ya zauna wuri ɗaya har ya yi tsatsa. Alhaji ka riƙa taka shi duk inda ka ajiye mota. Tunda za a buɗe fot, a zubar da tsohon man gaba ɗaya. DOT 3 aka rubuta wa motar. Sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha danshi ma'aunin yana sauka zuwa wajen 140, kuma man birki da kansa yake jan ruwa daga iska. A sayi gwangwani rufaffe, a fara fitar da iska daga ƙafar baya ta dama, a ƙare da gaba ta hagu.

Mai Sienna daga Zariya: Alhamdu lillahi an gama jiya. Da aka auna, na dama ya wuce lambar, na hagu yana dab da ita, sai na sayi na hannu guda biyu aka auna su a gabana. An cike ramukan faranti, an sa fot biyu, lainin da sifirin sababbi. Ƙwas ɗin ya tafi, ƙiii ma babu, birkin ajiya yana kamawa tun a sama, kuma zafin rim biyun ya zo ɗaya. Sai dai yau da asuba bayan ruwan dare na ji ɗan shuu a takawar farko, kafin in kai bakin titi ya ɓace. In koma ne?

Tsohon Bakanike: Kada ka koma. Danshi ne ya sa cikin durom ya yi 'yar tsatsa, lainin ya share ta. Wanda ya ƙi ɓacewa bayan mota ta yi zafi shi ne abin dubawa. Ka samu titi marar cunkoso ka kai gudun kilomita 50, ka taka a hankali ka sauko kusan tsayawa, ka maimaita kamar sau goma kana barin tazara ya huce, lainin zai zauna. Bayan mako biyu a sake duba saitin da notocin taya, ka kuma leƙa bayan farantin ko akwai laima.

Hajiya Mai Makaranta: Baba, tamu ƙirar 2006 ce kuma faranti mai juyawa da fad ke matsewa ne a baya ba durom ba, amma tana wani karce idan ana tafiya a hankali. Wannan bayanin ya shafe mu?

Tsohon Bakanike: Ya shafe ku Hajiya. Masu faranti a baya akwai ɗan ƙaramin durom a cikin tsakiyar farantin, da ƙananan lainin na birkin ajiya. A fara duba fad, idan da sauran nama a zare farantin a leƙa ciki, sau da yawa sifirin ne ya karye yake yawo. Ki ce wa direban ya ɗauko hoton abin da suka gani ya turo nan kafin a sayi komai.